Tara tsofaffin faifan rukunonin 'yan mata da na pop mai taushi

Tara tsofaffin faifan rukunonin 'yan mata da na pop mai taushi wani reshe ne na sha'awar tara faifan garmaho. Masu yinsa sun fi mayar da hankali kan waƙoƙin da aka buga a Amurka daga wajen 1957 zuwa farkon shekarun 1970, musamman waɗanda ba su yi kasuwa ba a lokacin da suka fito. Kiɗa iri biyu ne ke haɗuwa a nan. Na farko shi ne na rukunonin 'yan mata, inda yarinya ɗaya ke jan waƙa, biyu ko uku suna yi mata amshi. Na biyu kiɗa ne mai sanyi da ya bunƙasa a California da New York bayan 1965, mai dogaro da jituwar muryoyi da yawa, da fiyano da sarewa da goge irin na Turawa. Daga baya aka raɗa masa suna sunshine pop a Amurka da Birtaniya, a Japan kuma ake ce masa soft rock.

Duka biyun kiɗan situdiyo ne, wanda marubucin waƙa da furodusa da makaɗan haya suka fi mai rerawa ƙarfi a cikinsa, kuma duka biyun masu sharhin kiɗa na wancan zamani sun raina su, suna ganin kayan kasuwa ne na yara. Saboda wannan raini, kamfanoni da jaridu ba su adana tarihinsu yadda ya kamata ba. Akasarin abin da aka sani yau game da ƙananan rukunonin, daga sunayen waɗanda suka rera har zuwa watan da aka buga faifai, masu tarawa ne suka tono shi.

Zamanin da aka buga su

Faifan da ake magana a kai galibi ƙarami ne mai faɗin inci 7, mai juyawa sau 45 a minti, wanda kamfanin RCA Victor ya fito da shi a 1949. Waƙa ɗaya yake ɗauka a kowane gefe, mai tsawon minti biyu zuwa uku. Araharsa ta sa ya zama abin sayen matasa, ta kuma buɗe wa ƙananan kamfanoni ƙofa: mutum mai ɗan jari zai kama situdiyo na 'yan awoyi, ya buga kwafi 'yan ɗaruruwa, ya riƙa zaga gidajen rediyon garinsu yana roƙon a saka.

Marubuta kan fara lissafin zamanin rukunonin 'yan mata daga The Bobbettes na Harlem da The Chantels na Bronx, waɗanda suka fito a 1957. The Shirelles, 'yan makaranta daga Passaic a jihar New Jersey, su ne rukunin 'yan mata baƙaƙen fata na farko da ya kai matsayi na ɗaya a jadawalin Hot 100 na mujallar Billboard, a Janairun 1961, da waƙar da Gerry Goffin da Carole King suka rubuta. A ƙarshen wannan shekarar The Marvelettes suka samo wa kamfanin Motown na Detroit matsayi na ɗaya na farko a jadawalin. Daga nan aka yi rububi. A ginin Brill da ke lamba 1619 kan titin Broadway, da ofishin Aldon Music a lamba 1650, marubuta biyu-biyu suna zaune a ƙananan ɗakuna da fiyano suna fitar da waƙoƙi kullum. Phil Spector da Lester Sill sun kafa kamfanin Philles a 1961, wanda ya fitar da The Crystals da The Ronettes. Jerry Leiber da Mike Stoller da George Goldner kuma suka kafa Red Bird a 1964, gidan The Dixie Cups da The Shangri-Las, wanda ya rufe a 1966. The Supremes su kaɗai sun kai matsayi na ɗaya sau 12 tsakanin 1964 da 1969.

Waɗannan su ne sanannun, kuma faifansu ba su da wuyar samu, domin an buga su da yawa. Mai tarawa ya fi damuwa da na ƙarƙashinsu, wato ɗimbin rukunonin da suka yi faifai ɗaya ko biyu a Philadelphia ko Chicago ko New Orleans, rediyo bai saka ba, kamfanin ya mutu, 'yan matan suka koma makaranta ko aiki ko gidan aure. Misalin da aka fi kawowa shi ne The Donays daga yankin Detroit, waɗanda faifai ɗaya tak suka fitar, a 1962. Bai yi kasuwa a Amurka ba, amma kamfanin Oriole ya buga shi a Birtaniya, The Beatles suka ji shi, suka sake rera waƙar "Devil in His Heart" a kundinsu na biyu a 1963 bayan sun ɗan sauya sunanta, George Harrison ne ya ja ta. Miliyoyin mutane sun san waƙar ta bakin The Beatles, kaɗan ne suka taɓa jin muryar masu ita.

Matsalar sunaye

Babban abin da masu tarawa ke muhawara a kai shi ne wa ya rera me. Sunan da ke kan faifai sau da yawa mallakin furodusa ne, kuma yana iya ɗora shi a kan duk wadda ya ga dama. Waƙar "He's a Rebel", wadda ta kai matsayi na ɗaya a Nuwamban 1962 da sunan The Crystals, Darlene Love ce da rukunin The Blossoms suka rera ta a Los Angeles, domin Spector yana gaggawar ya riga wani kamfani fitar da ita, alhali The Crystals ɗin na ainihi suna gabashin ƙasar. The Cookies sun yi faifai da sunan The Cinderellas da The Palisades. The Chiffons sun yi da sunan The Four Pennies. Rukunin The Raindrops kuwa a situdiyo mutum biyu ne kawai, Ellie Greenwich da Jeff Barry, ita ce take ninka muryarta sau da yawa har a ji kamar taro ne.

Warware wannan ruɗani aiki ne na kunne da na takarda. Ana kwatanta muryoyi, ana bin takardun kwangilar ƙungiyar makaɗa inda aka rubuta ranar aiki da sunayen waɗanda suka halarta, ana duba tsofaffin mujallun kasuwar kiɗa irin su Billboard da Cash Box, sannan a nemo tsohuwar mawaƙiyar idan tana raye a tambaye ta. Shaidar baki tana da amfani, amma tana da rauni, domin matar da ta yi amshi a faifai da yawa a cikin mako guda tana 'yar shekara 17 ba lallai ta tuna kowanne ba bayan shekara 40. Littafin Alan Betrock na 1982 shi ne na farko da ya tattara tarihin salon baki ɗaya. Charlotte Greig ta fitar da nata a 1989, John Clemente kuma a 2000, wanda ya gina shi kan hirarraki da mawaƙan kansu.

Arewacin Ingila

Kasuwar waɗannan faifai ta fara ƙarfi ne a wajen Amurka. Tun ƙarshen shekarun 1960, matasa ma'aikata a arewacin Ingila suka riƙe kiɗan soul na Amurka mai saurin bugu, a lokacin da Landan ta riga ta koma wasu salo. Ɗan jarida kuma mai shagon faifai Dave Godin ne ya sa wa harkar suna Northern Soul. Ana rawa a wurare irin su Twisted Wheel a Manchester, da Blackpool Mecca, da Wigan Casino wanda ya yi tashe daga 1973 zuwa 1981. Darajar mai saka faifai a waɗannan wurare tana ga mallakar abin da babu wanda yake da shi. Saboda haka dillalai suka riƙa tafiya Amurka suna sayen kwantan faifai kwali-kwali daga sito-siton kamfanoni, sau da yawa ba tare da sun saurara ba, su zo gida su tace. Wanda ya dace da waƙa mai kyau yakan manne takardar tsakiyar faifan da wata, ya rubuta sunan ƙarya, don kada abokan hamayya su gano ta su nemo tasu.

Muryoyin mata sun samu babban kaso a wannan farfaɗowa. Richard Searling ya sayo faifan Gloria Jones mai ɗauke da "Tainted Love" a Amurka a 1973, waƙar da ba ta yi komai ba lokacin fitarta a tsakiyar shekarun 1960. Ta zama abin rawa a arewacin Ingila, kuma daga nan ne Soft Cell suka ɗauke ta a 1981 ta zagaye duniya. Wata waƙar The Fascinations ta 1967 ta shiga jadawalin Birtaniya a 1971, "Sweet Talkin' Guy" ta The Chiffons kuma, wadda aka yi a 1966, ta kai matsayi na 4 a can a 1972. Wannan kasuwa ce ta koya wa mutane biyan kuɗi masu yawa a kan ƙaramin faifai: a 2009 an sayar da kwafin wata waƙar Frank Wilson ta 1965, wadda Motown ta janye kafin ta shiga shago, a kan fam 25,742.

Pop mai taushi da Japan

Labarin pop mai taushi ya ɗan bambanta, domin shi akasarinsa a manyan faifai ne masu inci 12, kuma manyan kamfanoni ne suka kashe masa kuɗi. Wasu rukunonin sun yi kasuwa sosai, kamar The Association da The Mamas and the Papas da The 5th Dimension. Waɗanda masu tarawa ke nema su ne waɗanda suka faɗi. Curt Boettcher, wanda ya shirya wa The Association waƙoƙinsu na 1966, ya kafa rukunin The Millennium, suka fitar da kundin Begin a kamfanin Columbia a 1968, bayan an haɗa na'urorin ɗaukar sauti biyu masu layi takwas-takwas don a samu layi 16. An kashe kuɗi, ba a sayar ba, rukunin ya watse. The Free Design, 'yan gida ɗaya ne, 'ya'yan Dedrick daga Delevan a jihar New York, sun fara da Kites Are Fun a 1967 a kamfanin Project 3 na Enoch Light, suka yi kundi bakwai, babu waƙarsu ko ɗaya da ta shiga ɗari na farko a Billboard. Wendy da Bonnie Flower, ya da ƙanwa daga yankin San Francisco, sun fitar da Genesis a 1969 a kamfanin Skye, ba a jima ba kamfanin ya karye.

Lokacin ne bai dace da su ba. A 1968 kunnen matasa ya koma ga jita mai ƙara da waƙoƙin adawa da yaƙin Vietnam, sabbin mujallun kiɗa kuma suna auna mawaƙi da yadda ya bijire wa manya. Waƙa mai laushi game da rana da iska da soyayya ta yi wa matasa kama da ta iyaye, ta kuma yi wa iyaye baƙunci.

A Tokyo aka fara daraja waɗannan kundaye. An sake fitar da kundin Roger Nichols and the Small Circle of Friends na 1968 a Japan a 1987, mawaƙa irin su Konishi Yasuharu na Pizzicato Five suka riƙa yabonsa suna kwaikwayon salonsa. Shagunan faifai na unguwar Shibuya suka zama cibiyar cinikin, mujallar Vanda ta fitar da littafin jagora a tsakiyar shekarun 1990, 'yan kasuwar Japan kuma suka riƙa kwashe waɗannan kundaye daga shagunan gwanjo na Amurka a kan kuɗi kaɗan. Kamfanin Trattoria na mawaƙi Cornelius ya sake buga The Free Design. A Ingila rukunin Stereolab suka sa wa wata waƙarsu ta 1999 sunan The Free Design, kuma a 2001 'yan gidan Dedrick suka sake haɗuwa suka yi sabon kundi a wani kamfanin Jamus.

Margo Guryan ce ta fi kowa nuna yadda abin yake. Ta karanci kiɗa, ta rubuta waƙar da Spanky and Our Gang suka yi kasuwa da ita, ta fitar da kundinta Take a Picture a kamfanin Bell a 1968. Ta ƙi yawon wasa gari-gari, kamfanin ya janye hannu daga tallata shi, ita kuma ta koma koyar da fiyano. Sai a ƙarshen shekarun 1990 ta samu labarin ana sayen kundin a Japan. A 2000 aka sake buga shi a Amurka da Japan da Sifen. Ta rasu a Nuwamban 2021, a 2024 kuma kamfanin Numero Group ya tattara ayyukanta a akwati guda.

Yadda ake auna faifai

Abu uku ke yanke farashi: ƙarancin kwafi, yawan masu nema, da lafiyar faifan. Ma'aunin lafiya da aka fi bi shi ne na mujallar Goldmine ta Amurka, a Birtaniya kuma na Record Collector. Yana farawa daga faifan da allura ba ta taɓa hawa ba, ya sauko zuwa mai ɗan karce da ba a ji, zuwa mai ƙara a bayan waƙa, har zuwa wanda allura ke tsalle a kansa. Tazarar kuɗi tsakanin mataki da mataki tana da girma. Faifan 'yan mata masu lafiya sun yi ƙaranci saboda masu su na farko yara ne, suna jibga su a kan juna ba riga, suna rubuta sunansu a kai, suna saka su da allurar da ta dakushe. Ƙari a kan haka, kamfanonin Amurka da yawa sun buga ƙananan faifai da robar sitirin maimakon binil, saboda araha, ita kuwa tana saurin cinyewa.

Gwani yakan fara duba filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. A nan ake zana lambar bugu, wani lokaci da alamar masana'anta. Faifan da aka buga a masana'antar Monarch ta Los Angeles, alal misali, suna da alamar alwatika da lamba a bayanta, kuma masu tarawa sun jera waɗannan lambobi har ana iya ƙiyasta watan da aka buga faifai da su. Akwai kwafin talla da ake aika wa gidajen rediyo, galibi mai farar takarda. Idan waƙa ta mutu tun kafin ta shiga shago, kwafin tallan yakan fi na sayarwa yawa, sai farashi ya juye. Akwai kuma kwantai da aka huda wa ƙaramin rami, alamar an karyar da kuɗinsa. Jabu ya yi yawa a harkar. Faifan The Crystals mai lamba Philles 111 na 1963, wanda 'yan kwafin talla kaɗan aka buga kuma ake danganta shi da rikicin Spector da Lester Sill, kusan duk wanda ake gani a kasuwa na jabu ne. Masu tarawa suna kuma fifita bugun sauti mai layi ɗaya a kan na sitiriyo, domin shi furodusa ya zauna ya gyara don rediyo.

Tsada da daɗi ba sa tafiya tare ko yaushe. Wancan faifan na Philles 111 yana cikin mafi tsada a salon, kuma da wuya a samu mai cewa waƙar kirki ce, alhali wani faifan The Ronettes na 1963, wanda ake lissafawa cikin mafi kyawun abin da aka yi a zamanin, ana samunsa da ɗan kuɗi kaɗan. Tun da eBay ya fito a 1995, Discogs kuma a 2000, an gano cewa wasu faifan da ake zaton ba su da yawa suna nan jibge a gidaje, farashinsu ya sauko, na ainihin masu ƙaranci kuma ya haura.

Sake fitarwa

Mai sauraro na yau bai buƙatar mallakar asalin faifai, saboda aikin kamfanonin sake bugu, waɗanda akasarinsu masu tarawa ne suka kafa ko suke ba su shawara. Ace Records na Landan, wanda aka kafa a 1978, ya fara jerin Where the Girls Are a faifan CD a 1997, Mick Patrick na cikin masu zaɓo waƙoƙin da rubuta bayanansu. A 2005 kamfanin Rhino ya fitar da One Kiss Can Lead to Another, faifan CD 4 masu waƙa 120, a cikin kwali mai siffar akwatin hular mata, kuma da gangan aka kauce wa manyan waƙoƙin da kowa ya sani. Sundazed ya sake buga Wendy da Bonnie a 2001, Light in the Attic na Seattle ya ɗauki The Free Design, Numero Group na Chicago kuma ya fitar da Basement Beehive a 2018 kan rukunonin ƙananan kamfanoni. Sha'awar ta bazu zuwa mawaƙa mata na Birtaniya, da na salon yé-yé na Faransa kamar Jacqueline Taïeb, da na Japan. Kundayen tagwayen Lijadu na Ibadan, waɗanda suka yi a shekarun 1970, su ma kamfanonin Amurka sun sake buga su.

Inda asalin tef ya ɓace, daga faifan mai tarawa ake kwafo sauti a goge masa ƙara da kwamfuta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙananan kamfanoni da yawa sun zubar da tef ɗinsu, kuma gobarar da ta tashi a ma'ajiyar Universal a Los Angeles a ranar 1 ga Yunin 2008 ta cinye tef masu yawa na kamfanonin da ke ƙarƙashinsa.

Haƙƙin mawaƙan

Dukan wannan ciniki bai cika kaiwa ga waɗanda suka rera ba. Sayar da tsohon faifai daga hannu zuwa hannu ba ya kawo wa mawaƙiya ko sisi, ko da an saye shi dubban daloli. Yawancinsu sun sa hannu a kwangila suna ƙasa da shekara 18, ba su ne marubutan waƙoƙin ba, gidajen rediyon Amurka kuma marubuci suke biya, ba sa biyan mai rerawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. The Shirelles sun kai shekara 21 suka tarar babu asusun da aka ce ana tara musu, har ta kai su ga shari'a da kamfanin Scepter. Darlene Love ta yi aikin shara da goge-goge a gidajen masu kuɗi a Los Angeles kafin ta dawo waƙa. A 1997 kotu ta ba ta gaskiya a kan Spector, a 2011 aka shigar da ita Rock and Roll Hall of Fame. The Ronettes sun shigar da ƙara a 1988, a 2000 alƙali ya yanke musu dala miliyan 2.6, amma a 2002 babbar kotun jihar New York ta soke wani ɓangare na hukuncin. Waɗannan ma sanannu ne masu iya ɗaukar lauya.

Doka ta ɗan canza. Tarayyar Turai ta tsawaita haƙƙin mallakar sautin da aka ɗauka daga shekara 50 zuwa 70, dokar ta fara aiki a 2013, amma ba ta koma baya ba, don haka faifan da suka fito kafin 1963 kowa na iya sake buga su a Turai ba tare da biyan mawaƙiya ba. A Amurka kuwa, sautin da aka ɗauka kafin 1972 bai shiga ƙarƙashin dokar tarayya ba sai a 2018, lokacin da aka wajabta wa kafofin saka kiɗa ta intanet da tauraron ɗan'adam biyan masu shi. A lokacin, mafi ƙanƙanta a cikin 'yan matan da suka rera a 1963 sun kusa ko sun haura shekara 70.